Falalen da Muka Kunna wa Wuta

Damina ta sake kamawa, ga ni nan inda ta bar ni bara. In na ɗaga kai daga bakin ƙofar ɗakina, sararin saman da nake gani bai fi faɗin zani biyu ba. Gabas bene, yamma bene, kudu kuma katangar wani mai kuɗi da ya ɗora mata waya mai ƙaya, sai ka ce mu ne za mu tsallaka mu sace masa tankin ruwa. Rana ba ta shigo mana sai ta take tsaka, ta ɗan leƙo ta wuce abinta. Gindin bango kore shar da gansakuka, ka shafe shi da siminti bana, baɗi ya kumbura ya zube. Kayan akwati warin danshi, tabarma warin danshi, ni kaina na tabbata warin danshi nake yi, kunya ce kawai ta hana jikoki faɗa mini. A tsakiyar wannan ɗan tsakar gida akwai wani dutse da ya fito daga cikin ƙasa, faɗinsa kamar tabarma ɗaya da rabi, tsayinsa bai kai gwiwa ba, da wani kwarmi mai santsi a bisansa. 'Yan hayarmu, ɗaliban aikin jinya da ke koyo a babban asibitin nan na kusa, kullum sai sun yi tuntuɓe da shi in sun fito da sauri, su wuce suna tsaki. Ɗana kuma ya ƙudura sai ya fasa shi ya gina ɗakuna biyu a wurin. Saboda dutsen nan na dawo gidan nan, kuma saboda shi na kasa barinsa.

Wanda ya san Gyadi-Gyadi ta yau, da hayaniyar 'yan adaidaita sahu da ƙugin janareto da shagunan magani a jere, ba zai yarda ba in na ce masa a nan na yi kiwon awaki. Amma wallahi na yi. Lokacin da muka taso, in ka bar titin Zariya ka yi gabas, gidajen ƙasa ne 'yan tsiraru, daga nan sai gonakin dawa da gero da gyaɗa har ka dangana da Tarauni. Bayan gidanmu, a cikin gonar kakanninmu, akwai wani falalen dutse a shimfiɗe, fari-fari da ratsin ja, faɗinsa ya isa unguwa guda ta yi sallar idi a kansa. Ba irin Dala ba ne da ake hawa ana haki. Kwance yake kamar bayan saniya, tsakiyarsa ta ɗan taso. Ba mu sa masa wani suna ba, Falale kawai muke ce masa. In an nemi yarinya an rasa, a ce a duba Falale. In akuya ta tsinke, Falale. In mace ta yi fushi da miji amma abin bai kai ga yaji ba, can za ka same ta tana tsintar wake da ƙarfi, kowa ya gane ya ba ta wuri.

Duk aikin mata a kansa yake ƙarewa. Da hantsi kowace ta fito da nata, wannan ta baza yankakkiyar kuɓewa, waccan barkono, wata wankakken gero, wata ganyen kuka. Ba a shimfiɗa komai, dutsen ya fi tabarma tsabta, sai dai a bi shi da tsintsiya. Mu yara aikinmu korar kaji da awaki da juya shanya in gefe ɗaya ya sha rana. Wanki in ka baza shi a kan Falale, kafin ka gama cin rogonka ya bushe ƙayau. In azahar ta yi kuwa ba ya takuwa, sai ka gan mu muna ta tsalle da ƙafa ɗaya-ɗaya, manya na yi mana dariya. Da yamma kuma ya riƙe ɗumin nan, tsofaffi masu ciwon baya su zo su miƙe a kai suna nishin daɗi, suna gulmar surukai. Yau ni ce mai ciwon bayan, man zafi nake saye a shagon magani, yana ƙarewa ciwon na dawowa. Da damina ruwa ya sauka a kansa ya gangara ta gefe ɗaya, ya bi tsakanin gonaki ya tafi, bai taɓa shigo mana gida ba. Amma abin da kunnena ya fi kewa shi ne gurzar niƙa. Akwai ramukan niƙa a jikin dutsen sun fi yatsun hannu yawa. Mata a durƙushe, ɗan dutse a hannu, gurr, gurr, wata na waƙa wasu na amsawa, kurciya na kuka a kan ɗorawa, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuwwa. Yanzu injin niƙan bayan katangarmu ne ke tashina, shi da mai gyaran babur.

Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, tana da nata kwarmin, wanda ya fi kusa da dangar gidanmu, kuma kowa ya san ba a taɓa mata shi. Ta ce a cikinsa surukarta ta koya mata niƙa, ita ma surukar da zurfinsa ta tarar da shi. Iya gajera ce, baƙa, ga faɗa kamar me. In ana neman inda na gado bakina, ba sai an yi nisa ba. Ba ta cin tuwon garin inji, wai ƙarfe take ji a harshenta. In ta gama niƙa sai ta wanke kwarmin da ruwa, ta goge shi da gefen zaninta, ta kifa masa ƙwarya. Na taɓa ce mata, "Iya, dutse ne fa, ba jariri ba." Ta ce, "Ke da ubanki da uban ubanki, duk a nan aka niƙa muku kunun farko. Ki goge shi ko in goge ki." Wata rana kuma ta kama hannuna ta cusa a ciki, ta ce in ji santsin. "Wannan ba ruwa ne ya lashe shi ba, hannun mata ne. Ba ki san sunansu ba, ni ma ban sani ba, amma ga inda suka durƙusa." Ni a lokacin hankalina na kan awarwaro da lalle, na zare hannuna na gudu.

Sai na faɗi abin da ya sa jan fenti ya zame mana abin tsoro, don in ba a san wannan ba za a ɗauka mahaukata ne mu. A zamanin soja Baba yana da wata gona ta wajen Tarauni, ita ce mai kyan ƙasa, ita ke cika mana rumbu. Wata safiya aka ga wasu mutane da doguwar igiyar awo da wani abu mai ƙafa uku suna leƙawa ta cikinsa, suna shafa jan fenti a jikin itatuwa. Ba su yi wa kowa magana ba. Kafin kaka ta zagayo an kafa turakun siminti, an ce wurin ya zama na hukuma, za a yanka gidajen ma'aikata. Ɗan abin da aka ba Baba ko ɗumin aljihu bai yi masa ba. Na ga mutumin nan, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, tsaye a bakin gonarsa yana kallon katafila tana tuge ɗorawar da ubansa ya dasa. Tun daga ranar, a unguwarmu in aka ga baƙo da takarda da fenti, sai hankalin kowa ya tashi.

Ana nan sai soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, karo na farko ke nan da na ga zaɓe da wayona. Motoci masu lasifika na ta zagaye, kowa na cewa yanzu mulki ya dawo hannun talaka. Gari ya rikice da gine-gine, tifofi na ta kai-komo neman yashi da tsakuwa. Ni kuma na zama budurwa, ana ta shirin bikina, kaina na rawa. A cikin wannan kakar ce wata mota mai tsayi ta tsaya a bakin gonarmu, wani mutum ya fito, siriri, da tabarau, da jaka a kafaɗa da 'yar guduma mai tsinin baki. Bahaushe ne, ya yi sallama kamar kowa, ya ce shi malami ne a jami'a, aikinsa nazarin duwatsu. Mu 'yan matan da ke gadin shanya muka kwashe da dariya. Nazarin dutse! Mutum da girmansa da gemunsa! Bai ji haushi ba. Ya durƙusa yana shafa Falale kamar mai taya bijimi a kasuwa, ya ɓantari ɗan ƙanƙani a can gefe, ya ciro wani ɗan gilashi da ke rataye a wuyansa ya miƙo mini. Ya ce, "'Yammata, ke da kika fi kowa dariya, zo ki leƙa."

Na leƙa. Har yau in na rufe ido ina ganin abin nan. Dutsen da nake takawa tun ina tatata, ashe ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne a cure, wasu jajaye kamar tsagin goro, wasu farare kamar gishiri, wasu baƙaƙe sirara suna walƙiya. Na ce, "La'ilaha illallahu, wa ya haɗa su?" Ya ce Allah ne, amma ta hanyar wuta. Wai dutsen nan narkakke ne a da, a can ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta hucewa a hankali, shi ya sa ƙwayoyin suka sami sukunin girma, daga baya ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ke kansa har ya fito fili. Ya faɗi shekarunsa, adadin ya fi ƙarfin kaina. Abin da na riƙe shi ne ya girmi ganuwa, ya girmi Kano, ya girmi duk wani mai numfashi da ya taɓa taka ƙasar nan. Da na kai shi wurin ramukan niƙa sai ya cire tabarau. Iya na zaune a bakin nata, ta ce, "Ɗan nan, me kake nema a wurin niƙan mata?" Ya ce, "Iya, abin da kike gadi nake nema. Irin wannan ya kusa ƙarewa a kewayen birni, duk an fasa. So nake yaran makaranta su zo su gani da idonsu." Iya ta dube shi sama da ƙasa, ta nuna ni da haɓa ta ce, "To ka fi uban wannan hankali." Ta sa na damo masa fura.

Da a nan ya tsaya! Amma kafin ya tafi sai ya ciro wani ɗan gwangwani ya rubuta lamba a gefen Falale, don ya gane wurin a taswirarsa, ya kuma ja igiyar awo daga wannan baki zuwa wancan. Fentin ja ne. Ni kuwa ga baki. Ban ma jira ya tada mota ba na ruga gida, zani na kuncewa, na tarar da Baba da ƙannensa a zaure. Ban ce musu na ga ƙwayoyi masu walƙiya ba. Ban ce Iya ta ba shi fura ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, an shafa wa Falale jan fenti, har an auna!" So nake kawai in zama wadda ta fara kawo labari. Na ga fuskar Baba ta sauya, ya ajiye moɗar da ke hannunsa bai sha ba.

Bayan kwana biyu malamin ya dawo, ya roƙi mai unguwa ya tara masa jama'a bayan la'asar a gindin darbejiya. Mu mata muna bayan danga muna saurare. Bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya kawo hotuna, ya sa gilashin nan ya zagaya hannu-hannu, ya ce dutse in an fasa shi ba ya tsirowa, ya ce shi ne ke juya ruwan sama ya hana shi kwanciya a unguwa. Ya maimaita cewa ba gonar kowa yake so ba. Mutane na ta gyaɗa kai, har liman ya ce lallai duban halittar Allah ma ibada ce. Sai wani ya tambaya, to ta yaya za a tsare shi? Malamin ya ce, da zuciya ɗaya, "Zan rubuta wa hukuma, a kewaye wurin da waya, a kafa allo." Shi ke nan. Hukuma, waya, allo. Daga nan babu wanda ya ƙara jin komai. Baba ya miƙe ya ce, "Malam, waccan gonar ma da fenti aka fara." Malamin ya ce, "Wallahi, Alhaji, ba haka ba ne, wannan daban." Baba ya ce, "Haka ake cewa kafin a kafa turke." Ya zura takalminsa ya tafi, sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya.

Dabarar da suka yanke, in ka ji ta sai ka ce hikima ce: tunda dutsen ne ya jawo idon hukuma, a kawar da dutsen gona ta tsira. Ga masu tifa kuma na neman tsakuwa ido rufe. Aka kirawo masu fasa dutse daga wani ƙauye. Yadda suke yi, su tula itace da karan dawa da tsofaffin tayoyi a kan dutsen, su kunna wuta tun da sassafe, ta yi ta ci har wurin ya yi zafin da ba a iya matsowa, sannan a janye garwashin a kwara ruwan sanyi. Sai ka ji tau! kamar harbin bindiga, fatar dutsen ta tsage ta ɗago, su bi ta da guduma. Ruwan nan kuwa wa zai ɗebo? Mu. Ni da 'yan uwana mata muka yi ta jigilar tulu daga rijiya. Ba wanda ya tilasta mini, kada in yi wa Baba ƙarya yana kabari. Har gasa muke yi. Ni na kwara tulun farko, tururi ya tashi ya rufe ni, da na ji ƙarar har guɗa na yi. Hayaƙin taya ya yi makonni yana tashi baƙi ƙirin, kaji suka yi ta mutuwa, shanya ta koma kan rufin ɗaki tana kwasar toka.

Iya ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ranar da wuta ta matso ɓangaren gidanmu, ta fito da tabarmarta da butarta da carbi, ta shimfiɗa a kan kwarminta ta zauna. Baba ya zo ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri ki tashi, hayaƙin nan zai illata ki." Ta ce, "Kai dai kunna. Ka ga itace, ka ga uwarka." Masu fasa dutsen suka ce su kam ba za su kunna wuta kusa da tsohuwa ba, sai dai a nemo wasu. Haka aka yi ta cin dutsen ana kewaye ta, ita tana zaune tun fitowar rana har faɗuwarta, idanu jajur, tana tari. Ni ke kai mata abinci. Ba ta taɓa ce mini komai a kan tulun ba, sai rana ɗaya da na ajiye kwano, ta dubi ƙafafuna da toka ta yi wa fari, ta ce, "Da kika leƙa gilashin nan, me kika gani?" Na juya zan tafi. Ta ce, "Ɗauke kwanonki."

Malamin ya dawo bayan an gama kaka, da motar makaranta cike da ɗalibai, maza da mata, kowa da littafi a hannu. Suka sauko suka tarar da baƙin rami da tulin tsakuwa, da tsohuwa guda zaune a kan guntun dutse a bakinsa. Ban manta yadda ya tsaya ba, hannunsa a kan ƙofar mota. Baba ya fito da shirin faɗa, ya ce, "Sai ka faɗa wa hukumar taka babu abin kewayewa." Malamin ya ce a hankali, "Alhaji, takardar da na rubuta ko amsa ba a ba ni ba. Na yi ta zarya, aka ce masu sabon mulki suna da abin da ya fi dutse damunsu. Babu mai zuwa. Da ma can babu mai zuwa." Ya zagaya ramin ya je ya gai da Iya, ya jera ɗalibansa suka sa hannu a kwarmin ɗaya bayan ɗaya. Da zai wuce ta gabana na ɓoye fuska a mayafi. Ya gane ni sarai, kuma ban sake ganinsa ba.

Gonar da aka fasa dutse don a tsirar da ita, hukuma ba ta taɓa waiwayarta ba. Baba da ƙannensa su da kansu suka yanka ta fuloti-fuloti suka sayar, kafin in yaye ɗana na biyu. Ramin ya zama kududdufi, sauro ya sami gida, aka yi ta zuba shara har ya cike, aka yi gini a kai. Ruwan da a da yake bin bayan Falale ya tafi, yanzu ba shi da hanya, sai ya kwanta a ƙarƙashinmu yana tsattsafowa ta gindin bango. Iya kuwa tarin nan bai sake ta ba, ba ta ga damina biyu ba bayan wutar. Baba ya ja katanga ya shigo da guntun dutsen cikin gida. Bai taɓa faɗin dalili ba, amma na sha ganinsa da yamma zaune a gefensa yana bin bakin kwarmin da yatsa. Da aka zo rabon gado kowa ya guji wannan ɓangaren, wai dutse ya ci wuri. Na ce a ba ni. Bayan rasuwar maigidana na tattaro komatsaina na dawo.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Lokacin da ƙafata ke da sauran ƙarfi na je wurin mai unguwa na yanzu, jikan wancan, na ce a unguwar nan akwai abin da ya girmi kowa, ya kamata mutane su sani. Ya ce, "Haba Hajiya, mu da muke fama da kwata da shara?" Na je makarantar firamaren bayan layinmu na ce a kawo yara su gani, shugabar ta ce to, in an dawo hutu. Hutu nawa aka dawo, ban ga ƙeyar kowa ba. Wata maƙwabciya ma cewa ta yi in yi hankali kada a ce tsafi nake yi da dutse. Tsafi! Ni! Saboda haka na koma yin abin da zan iya daga zaune. Duk wanda ya shigo gidan nan, mai kawo ruwa ne, mai gyaran wuta ne, ɗaliba ce sabuwar haya, sai na sa shi ya cusa hannu a kwarmin, in ba shi labarin ƙwayoyi ja da fari da baƙi, da matan da suka durƙusa. Wasu su yi dariya yadda na yi. Wasu su ɗauki hoto da waya su wuce. Jefi-jefi a sami wadda za ta bar hannunta a ciki ya ɗan jima, to ita nake nema. Yaran unguwa sun sa mini suna Hajiya mai dutse, na ji, su yi ta yi.

Ɗana na fari sunan Baba aka sa masa, shi ya sa nake ce masa Abba. Direba ne, ga iyali da yawa, kuma ba mugu ba ne. Gidan nawa ne a takarda, amma shi ya gina ɗakunan haya, shi ke gyara, shi ke ciyar da ni. Tunaninsa ma daidai ne: ɗalibai na rububin ɗaki a nan, ƙarin biyu za su rage masa nauyi. Bara da rani sai ga shi da mutum biyu da injin fasa dutse, irin mai ƙarar nan kamar zai tsaga kai. Yanzu ba a bukatar wuta da tulu, wuni ɗaya ya isa. Bai faɗa mini ba, ya ɗauka ina asibiti wurin likitan gwiwa, bai san an ɗage ranar ba. Ina jin motsinsu na jawo tabarmata, da rarrafe na hau, na zauna. Sai da na zauna na tuna wa na taɓa gani a haka.

Ya ce, "Inna, don girman Allah, mene ne haka a gaban mutane?"

Na ce, "Ka ga inji, ka ga uwarka." Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ya yi.

"Dutse ne fa, Inna. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya kai yaro makaranta."

"Na sani. Ni na fasa sauran, da hannun nan na kwara ruwan. Wannan kaɗai ya tsere mini, shi ma don an zauna a kansa ne."

Ya kalle ni, ya kalli dutsen. Ya juya ya sallami mutanen. Sannan ya durƙusa, daidai inda kakansa ya durƙusa, ya ce, "Shi ke nan. Na yi miki alkawari, muddin kina zaune a gidan nan ba mai taɓa shi. Amma ranar da kika tashi, Inna, kada ki ce ban faɗa miki ba." Abba ba ya karya alkawari, kuma ba ya ƙara ko taƙi ɗaya a kansa.

'Yata tana aure a Darmanawa, gida a kan tudu, busasshe, iska na shiga ta ko'ina. Ta gyara mini ɗaki mai banɗaki a ciki, har katifa ta saya. Likita ya ce danshin nan shi ke cin ƙirjina da gwiwoyina, in tashi tun da wuri. Duk Juma'a ta zo ta zauna a gabana ta yi kuka, ta ce, "Inna, kin zaɓi dutse a kanmu." Ina son ɗakin da ta gyara mini, wallahi ina son sa. Na gaji da tari, na gaji da kwashe ruwa da roba, na gaji da sararin sama mai faɗin zani biyu. Ba nisa ba ne, adaidaita ɗaya ce za ta kai ni har ƙofa. Amma na san in na kwana uku a can, in na dawo siminti zan tarar. Ko suna aka yi a dangi, in je in dawo kafin magariba kamar mai goyo a gida.

Wani lokaci sai in ji haushin Iya da ta bar mini wannan zaman. In ji haushin malamin da fentinsa, da ya yi baƙi ko fari me zai rage shi da shi? Amma na fi jin haushin yarinyar nan mai gudu zani na kuncewa, da zan kama ta da ta sha ranƙwashi. Malamin ya ce dutsen ya girmi duk mai numfashi. Ga shi yau abin da ya rage masa a duniya bai wuce abin da ya rage mini ba. Ni da aka sani da zubar da magani a bayan gado, yanzu ko ƙwaya ɗaya ba na tsallakewa. Da safe in haɗiye ta hawan jini, in haɗiye ta ƙirji, in ja jiki in wanke kwarmin, in goge shi da gefen zani, in kifa masa ƙwarya. Sannan in zauna ina sauraron ƙofa, ko wani zai yi sallama in sa shi ya taɓa.